Ɗaci a Kunun Omoni

Tun a cokali na farko Sunnye ta gane an ƙara wani abu a cikin kunun shinkafar. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tura keken magani daga gado zuwa gado a asibiti, ba za a yi mata wayo da gishiri da man riɗi ba. Ta san ɗacin maganin hawan jininta, ta san na maganin tsinka jini. Wannan daban ne, ɗaci mai liƙewa a ƙarshen harshe kamar an lashi ƙarfe. Maganin barci ne, kuma ba likitanta ya rubuta mata shi ba.

Ta kawar da kai gefe, ta datse leɓe.

Miran, matar ɗanta, tana durƙushe a gefen shimfiɗa da kwano a hannu. Ta kira ta yadda ake kiran uwa a Koriya, ta ce, "Omoni, buɗe baki mana. Na bar miya a kan wuta, yanzu 'yan kasuwa za su cika mana wuri."

Sunnye ta so ta ce mata, 'yar nan, wa ya ba ki wannan? Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da yake fitowa kullum tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye a lokacin sanyi: "Aa, aa." Ciwon ya ɗauke mata magana, ya ɗauke rubutu, amma ya bar mata hankalinta tas, ko ƙwarzane babu. Da ya haɗa har hankalin ya tafi da shi, da ya fi yi mata adalci.

Miran ta danna cokalin ta gefen da leɓen ya saki, inda ba ya iya rufuwa. Kunu ya shiga, kuma dole a haɗiye.

Ɗakin Sunnye yana saman gidan abincin ɗanta Taegon, inda ake sayar da miyar busasshen kifi da shinkafa ga mutanen kasuwar bakin teku. Daɓen ɗakin shi ne rufin masu cin abinci. Idan ta jiƙa shimfiɗa, ko ƙugunta ya fara zafi saboda daɗewa a kwance ta gefe ɗaya, sai ta ɗauki kwanon ƙarfe da hannun hagu ta buga a ƙasa. Wannan ne kaɗai kiran da ya rage mata. Wata rana wani mai sayar da kaguwa ya ɗaga kai sama da cokali a baki, ya ce, "Taegon, maƙera ka ba haya a sama?" Aka yi dariya, shi ma Taegon ya yi. Kwana biyu bayan nan ɗacin ya bayyana a kunu.

Ba su ma wahalar da kansu wajen ɓoye maganar ba. A bakin ƙofarta suka tsaya suna yi, don mutane suna ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji.

Miran ta ce wa mijinta, "Yobo, ni fa tsoro nake ji. Maganin nan naka ne, ba nata ba."

"Rabin ƙwaya fa. Ni da nake shan guda kullum, kin ga na mutu?"

"Kai ai ƙato ne."

"To shi ke nan, a daina. Ki riƙa hawa kina sauka, ni kuma in riƙe tukunya da kwanuka da masu ci. In mun rufe shagon sai mu dafa allon ƙofa mu ba ta." Ya sassauta murya. "Hutu ne ma a gare ta. Me take yi da idonta biyu in ban da kallon rufi?"

Abin da take yi da idonta biyu shi ne rayuwa, iyakar wadda ta rage mata. Tana kallon hasken rana yana tafiya a bango, tana jin kukan tsuntsayen teku, tana gane masu shigowa shago da muryoyinsu. Yanzu duk wannan ya tafi. Takan farka da la'asar baki a bushe, ragowar kunu a kumatu, shimfiɗa a jiƙe ta yi sanyi, ba ta san tun yaushe ba. Fatar ƙugunta ta yi ja, daga ja ta koma baƙi-baƙi, ta fashe. Ta san sunan wannan gyambon, ta wanke irinsa a jikin mutane ba adadi, ta kuma yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a kansa har sun yi kuka.

Rabin ƙwaya bai daɗe yana aiki ba, jiki ya saba. Aka mai da shi guda. Da aka ga tana farkawa daidai lokacin cin rana, sa'ar da shago ya fi cika, aka ƙara wani rabin da hantsi. Kowane ƙari da hujjarsa: yau ranar kasuwa ce, gobe akwai 'yan ƙungiyar masunta, jibi bayan Miran ya riƙe.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne haɗiya. Mai barci ba ya haɗiye abinci daidai, ita kuwa dama maƙogwaronta rabi ne ke aiki. Sau da yawa kunu yakan bi ta hanyar iska, ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya kawo ruwa. Miran ta ɗan bubbuga mata baya ta ce, "A hankali, Omoni, ba wanda zai ƙwace miki." Sunnye tana jin inda kowane ɗigo yake sauka a ƙirjinta. Ta san ƙarshen wannan hanya sarai: tari, zazzaɓi, ciwon huhu, sai motar asibiti.

Sai ta daina ci. Ta datse haƙora, ta ture cokali da hannun hagu, ta zubar da kwano sau biyu.

Da 'yarta da ke aure a Seoul ta kira a waya, Taegon ya ce mata, "Taurin kai ta tsiro da shi. Gigin tsufa ne ya fara shigarta." Ya juya wayar don 'yar ta ga fuskar uwarta.

"Omma, ki riƙa ci mana, kada ki ba su wahala. Yaya, gaskiya kuna ƙoƙari, ni ko kwana biyu ba zan iya ba." Daga nan ta ce za ta kai yaro makarantar yamma, ta kashe.

Yunwa ba ta san gaskiya ba. A rana ta uku Sunnye ta buɗe baki da kanta, tana ci tana hawaye, Miran tana cewa yawwa, haka ake so.

Sau biyu a mako ake turo nas ta duba ta a gida. Sunanta Dasom, yarinya ce siririya mai saurin tafiya, kullum jakarta a buɗe saboda gidaje da yawa ke jiranta. Takan auna jini, ta wanke gyambo, ta duba ƙunshin magani. Kantin magani yana ƙulla wa kowa nasa a 'yan ƙananan ledojin takarda manne da juna, na safe daban, na rana daban, na yamma daban, da sunan mai shi a jiki. Dasom ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ga komai daidai. Ai dole ta ga daidai, abin da ke kashe tsohuwar yana aljihun rigar ɗanta.

Ta taɓa tambaya, "Kullum haka take barci da rana? Jininta ma ya yi ƙasa sosai."

Miran ta ce, "Tsufa ne, Malama. Tsoho ai jariri ne."

A ranar ne Dasom ta lura da hoton da ke saman durowa, wata mace tsaye ƙyam da farar hular nas mai baƙin layi. Ta dubi hoton, ta dubi abin da ke kwance a ƙasa. Ta gyara durƙuso, ta sunkuyar da kai yadda ƙaramar ma'aikaciya take yi wa wadda ta riga ta shiga aiki, ta ce, "Sonbenim, ashe ke tamu ce. Ki yafe ni, ban sani ba." Sunnye ta ji kalmar daga can ƙasan barci. Rabon da wani ya kira ta da abin da take, ba abin da ta zama ba, har ta manta.

Ta shirya wa zuwan Dasom na gaba kamar mai shirin yaƙi. Da aka kawo kunun hantsi ta karɓa ba gardama, ta tara shi a kumatun da ya shanye, ta lumshe ido. Miran ta ga an gama da wuri, ta yi hamdala ta sauka. Sunnye ta juya kai ta bar shi ya zube a cikin tawul ɗin wuyanta, ta tura tawul ɗin ƙarƙashin bargo. Kaɗan ya wuce ciki, ta yi ta cizon harshe don kada barci ya ɗauke ta.

Da Dasom ta durƙusa za ta ɗaura mata abin awon jini, Sunnye ta cafke wuyan hannunta. Ta jawo tawul ɗin ta ajiye mata a cinya. Ta nuna kunun, ta nuna idonta, ta rufe shi, ta saki kai gefe kamar wadda barci ya sace. Ta buɗe ido ta sake yi. Sannan ta miƙa yatsa wajen ɗan turmin dakan tafarnuwa da ke kan tire a bakin ƙofa.

Dasom ta ɗauko turmin. Farin gari ya liƙe a gindinsa, da ɓarɓashin jan ɓawo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta leƙa matakala ta kira Miran.

"A nan kike daka mata magani?"

"Ba ta iya haɗiye ƙwaya, Malama. Ya zan yi?"

"Wannan jan, na hawan jini, ba a daka shi. An yi shi ne ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan har dare. In kin fasa shi, na yini guda ya shige ta lokaci ɗaya. Shi ya sa jininta yake faɗuwa. Da kin faɗa mini, da an canza mata wani." Ta ajiye turmin. "Wannan kuskure ne, kowa zai iya yi. Amma ina tambayarki, ban da abin da ke cikin ƙunshin nan, akwai wani abu da ake ba ta?"

Miran ta dubi ƙasa, ta fara murɗa bakin rigar girkinta. Ta ce, "Bari in kira maigidan."

Taegon ya hau yana goge hannu, warin kifi yana biye da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushin da yake yi wa mai ƙorafin miya ta yi gishiri.

"Ɗan abin barci ne, nawa ne, likita ya ba ni. Ba guba ba ce."

"A jikinta guba ce. Shekarunta, nauyinta, ga shanyewar jiki, ga maƙogwaro ba ƙarfi. Kuna ba ta abinci tana barci, yana tafiya huhunta. Ka ji ƙirjinta kuwa? In aka ci gaba haka ba za ta kai lokacin kaka ba."

Murmushin ya ɗauke. "Malama, shekarunki nawa?"

"Ba maganar shekaru ba ce."

"Na tambaye ki ne. Don na ga ban fi ƙarfin in haife ki ba. Ki bi layin nan gida-gida ki ƙirga mini wanda uwarsa take ɗakinsa. Duk sun kai su gidan jinya, inda ake ɗaure musu hannu a jikin gado. Ni na ce tawa ba za ta je ba. Ni nake ɗaukarta in kai ta wanka a bayana. Ke kina zuwa ki yi rabin awa ki tafi da jakarki, mu ne muke kwana da ita muke tashi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Na san kun gaji. Akwai wurin da ake kai tsofaffi su yini a dawo da su, akwai masu zuwa taya zama. Zan taimaka muku ku nema."

"A ɗauki uwata a mota kowace safiya kasuwa tana kallo? A ce Taegon ya gaza?"

Dasom ta miƙe, ba ta janye ba. "Doka ta ɗora mini in kai rahoton abin da na gani. Zan kai."

Sunnye tana kwance tana jin komai. Wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda ba tari ba, ta yi murna irin wadda ta manta ana yi. Kafin Dasom ta fita ta matse mata hannu ta ce, "Sonbenim, na ji ki." Wannan ne ganinsu na ƙarshe. Kafin yarinyar ta kai tashar bas, Taegon ya kira ofishin da ke turo ta ya ce an aiko masa marar kunya ta zage shi a gidansa, in ba a canza ta ba zai koma wani ofishin. Ofisoshin kuwa sun yi yawa a garin, tsofaffin ake wawaso. Aka ba shi haƙuri, aka mai da Dasom wata unguwa.

Amma ta kai rahoton. Masu binciken cin zalin tsofaffi suka bugo waya cikin ladabi suka faɗi ranar da za su zo. Taegon ba wawa ba ne, ya ce a dakatar da ƙwayar kafin nan, kada su tarar da ita tana barci.

Jikin da aka saba wa abu ba a yanke masa shi dare ɗaya. Sunnye ta san haka, su ba su sani ba. Barci ya ƙaurace mata gaba ɗaya, hannunta ya kama kyarma, gumi ya riƙa karyo mata, zuciyarta tana bugu kamar za ta fito. A haka baƙin suka same ta, mace da namiji, sun cire takalma a ƙofa. Ɗaki a share, daɓe da ɗumi, an sa mata sabuwar riga, an taje mata kai.

Da ta gan su ta san wannan ce damarta ta ƙarshe, ta zuba duk abin da ya rage mata a ciki. Ta yi ihu. Ta nuna inda turmi yake zama, babu turmi. Ta nuna aljihun ɗanta. Ta kama hannun rigar mutumin ta riƙe gam har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Da Miran ta kawo kunu don a ga yadda ake ciyar da ita, ta kaɗe kwanon ya fantsama a siket ɗin matar.

Taegon ya durƙusa yana gogewa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kun gani. Haka muke fama. Sau ɗaya ko biyu na ba ta rabin nawa don ta samu ta runtsa, na yi kuskure, na karɓa. Amma ku gaya mini, in uwarku ce ya za ku yi?"

Matar ta ce a hankali, "Gaskiya kuna haƙuri." Suka sauka suka tambayi maƙwabta. Mai kaguwa ya rantse duk kasuwar babu ɗa irin Taegon. Suka ja masa kunne kada ya sake ba ta maganin da ba nata ba, suka ba shi shawara ya kai ta wajen likita saboda wannan firgita da take yi.

Ya goya ta har mota. Likitan yana da layi har waje, bai ɗauke ido daga kwamfuta ba sai sau ɗaya. Taegon ya yi wa tambaya, Taegon ne kuma ya ba shi amsa: ba ta barci, tana duka, tana zubar da abinci, ba ta gane mutane. Babu wanda ya ambaci abin da aka yi wata da watanni ana ba ta, balle a ce yanke shi ne ya jawo wannan. Likita ya rubuta maganin kwantar da hankali safe da yamma, da na barci. An sayar da kare an sayi biri.

Abin da ake sata a saka mata a kunu, yanzu kantin magani ne yake ƙulla shi da kansa, da sunanta a jiki. Miran ta daina jin tsoro, Taegon ya daina ɓoye komai a aljihu. Shago ya yi tsit daga sama, ba a ƙara jin kwano ba. Da ranar iyaye ta zo a watan Mayu, shugabannin unguwa suka zaɓi Taegon cikin 'ya'ya masu biyayya, aka ba shi allon yabo, ya rataye shi saman tukunyar miya. Masu ci suna nuna wa 'ya'yansu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da suka gani suka faɗa. Da duka ne da an ga tabo, da yunwa ce da an ga rama a yi magana. Amma uwa mai barci a ɗaki mai tsabta, wa zai ce an zalunce ta?

Tarin ya sauka ƙasa ya zauna. Da yamma jikinta yakan yi zafi, numfashinta yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Miran ta ce mura ce ta canjin yanayi.

Sabuwar nas ɗin babbar mace ce mai natsuwa, ba ta da garaje. Ranar da ta zo da wuri ta tarar ba a ba da maganin safe ba, ta ce wa Miran ta je ta ji da shago, ita za ta bayar. Ta wanke hannu. Ta yage ƙunshi ɗaya, ta karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, ta dubi fuskar mai sunan. Ta duba kwanan wata da lokaci, ta gwada kowace ƙwaya da takardar likita, ta ware wadda ba a dakawa. Ta ɗaga kan Sunnye ta tokare shi da matashi yadda ya kamata. Ko Sunnye da kanta, a zamanin da ake tsoronta a asibiti, ba za ta sami abin gyarawa a aikin nan ba.

Ta tattara ƙarfinta ta ɗaga hannun hagu. Ya tashi kaɗan daga bargo, ya koma. Ta ce, "Aa."

Nas ɗin ta ce, "Yawwa, Kaka, haka za ki buɗe," ta sa mata cokalin a baki.